Me Ya Ce, Malama?

Yayana mai yankan makulli ne, kuma ban taɓa ganin mutumin da sana'a ta ɓata wa zato kamarsa ba. Rumfarsa 'yar ƙarama ce a bakin titi, tsakanin mai facin taya da mai sayar da katin waya. Tebur ɗaya ne a ciki, da injin yanka, da magagari na goge haƙoran makulli, sai allon katako mai ƙusoshi inda sababbin makullan da ba a yi wa haƙora ba suke reto. Duk wanda ya kawo makulli a yanka masa irinsa, sai Yaya ya dube shi sama da ƙasa kafin ya karɓa. In mace ce, a ransa na durowar mijinta ta sato. In saurayi ne, na shagon ubangidansa ne. In kuwa dattijo ne mai yawan murmushi, wannan ya fi kowa ba shi tsoro. Zai yi aikin tsaf, ya goge, ya hure, ya miƙa, sai mutum ya ba da baya ya girgiza kai ya ce, "Allah ya tsare ƙofar da wannan zai buɗe."

A gida ma haka yake. Ya kulle ƙofa, ya ja kwaɗon ya ji ya kama, ya kai bakin layi, ya dawo ya sake ja. Ni ce autar gidanmu, ɗinki nake yi a ɗakina layi biyu daga gidansa, kuma har na yi jikoki bai daina yi mini kallon wadda ta zo ɗaukar wani abu ba. "Auta, lafiya?" ɗin da yake tarbata da shi ba gaisuwa ba ce, bincike ne.

Wanda ya fi kowa shan wuyar wannan hali shi ne ɗansa namiji tilo, wanda yanzu direban tasi ne da iyalinsa. Yana saurayi ya zare makullin rumfa daga aljihun uban, ya je ya yanka wa kansa irinsa, don kawai ya riƙa ajiye kekensa a ciki. Da safe Yaya ya ga garin ƙarfe a kan injin da ya share da hannunsa. Ya tambayi yaro, yaro ya rantse bai taɓa ba. Aka zazzage aljihunsa, sai ga makulli sabo fil yana ƙyalli. Yaya bai doke shi ba, bai zage shi ba, cire shi kawai ya yi daga bakinsa. Shekara da shekaru ba ya kiransa da komai sai "yaron nan", kuma shi ma yaron nan, da furfura ta fara fito masa, sai ya daidaici uban yana rumfa yake zuwa gaida uwarsa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi kuka. Amsar Yaya ba ta canzawa: "Ba makullin ne ya dame ni ba, ƙaryar ce. Wanda ya yi mini ɗaya, na gama da shi."

Mutum ɗaya ce a duniya ba ya yi wa wannan kallo, matarsa. Kowa Malama yake ce mata, don ta koyar a firamare har ta yi ritaya, ni kuwa matarmu nake ce mata in ina son tsokana. Yaya bai yi nisa a boko ba, don haka ita ce mai karanta masa komai: saƙon waya, rubutun jikin kwalbar magani, sanarwar da aka liƙa a bango. Ko likita ne ya ce masa ƙwaya biyu zai sha, sai ya kawo kwalin gida Malama ta duba ta ce biyu ne, sannan ya haɗiya. Ita kaɗai ya taɓa yanka wa makullin rumfarsa da hannunsa, tana rataye da shi a wuya da zaren da ni na murɗa mata.

'Yarsu da ke aure a nesa ce ta aiko musu da talabijin bayan Malama ta ajiye alli. Mai tura fina-finai na bayan tasha ya zuba musu wani fim mai dogon zango a filash, ɗan abin nan da ake sokawa a jikin talabijin, irin na mutanen da: fadoji masu jan rufi, maza da dogon gashi da takubba, mata cikin riguna masu hannu har ƙasa, kowa yana yi wa kowa murmushi da guba a aljihu. Yaya ya ce kallo aikin marasa aiki ne. Ran nan ya shigo zai ɗauki wani abu, takalmi a ƙafa, sai ya ga wani bafade yana miƙa wa tsohon sarki kofi da hannu biyu. Ya tsaya ya ce, "Kar ka sha." Sarki ya sha, ya faɗi, da ƙyar aka ceto ransa. Tun daga ranar Yaya ya fara rufe rumfa da la'asar.

Na gane abin da ya kama shi. A titi yana zargi ne ba ya ganin ƙarshen zarginsa, mutum ya karɓi makulli ya tafi shi ke nan. A fim kuwa duk wanda ya nuna da yatsa, in an jima sai asirinsa ya tonu, sai Yaya ya buga cinya ya waiwayo yana neman shaida. Ni riguna ne suka kai ni. Nakan kwashi ɗinkin hannu in je in zauna a darduma ina kallon yadda aka yanka wuya da yadda aka kama ƙugu, shi yana kujerarsa mai hannu, Malama tana kan doguwa, an ja labule saboda hasken rana, filas ɗin shayi a tsakiya.

Mutanen fim ɗin yarensu suke yi, fassara tana fitowa a ƙasa da Turanci, farin rubutu mai gudu. Ni karatuna bai kai in bi shi ba, balle Yaya. Malama ce take karantawa tana juya mana da Hausa. Da wani ya buɗe baki sai Yaya ya ce, "Me ya ce?" Ita kuma ba karatu kawai take yi ba, murya take sauyawa: ta kumbura wuya in sarki ne, ta sirantar in sarauniya ce, ta riƙa ja ta hanci in waziri ne, wanda muka laƙaba wa Gemun Akuya. Wani lokaci Yaya ma ba allon yake kallo ba, bakinta yake kallo. Ban taɓa ganinsa ya saki jiki kamar a wannan zaman ba, har ƙafa yake miƙewa.

Mun yi nisa sosai a fim ɗin kafin abubuwa su fara karkacewa. Yaya ne ya fara lura, kuma da ma wa zai riga shi? Wani manzo ya shigo fada da gudu, ya durƙusa ya yi magana, Malama ta ce, "Ya ce an kashe sarkin yaƙi a bakin kogi." Yaya har ya yi wa mamaci addu'a. Ba a jima ba sai ga sarkin yaƙi ya shigo da ƙafarsa, ko ƙwarzane babu.

"Ba wannan kika ce ya mutu ba?"

"Manzon ne ya yi ƙarya, Maigida. Ai ka san halinsu."

Ya yarda, don ƙaryar manzo ta yi daidai da ra'ayinsa. Amma bayan kwana kaɗan wata budurwa da Malama ta ce mana ƙanwar Gemun Akuya ce, ciki ɗaya, sai ga shi ana ɗaura musu aure da kaɗe-kaɗe. Na ajiye allura na ce, "Matarmu, a garin nan wa yana auren ƙanwarsa?" Ta ce ƙanwa ce ta nesa, ta wajen kakanni. Yaya dai ya janye ƙafafunsa da ya miƙe.

Daga nan ya fara auna baki. Sai sarki ya yi magana guntuwa, kalma biyu ko uku, Malama ta kwararo jawabi. Ko kuma wani ya yi ta zuba har jijiyar wuyansa ta tashi, ita ta ce, "Ya ce to." Yaya ya ce, "Duk wannan surutun 'to' ne?" Ta ce yarensu ne haka, yana da tsawo. Kashegari da aka samu akasin haka ta ce yarensu ne haka, yana da dunƙulewa.

Abin da ya fi tsaya masa a wuya shi ne maganar yarima. A fim ɗin akwai ɗan sarki da aka kora zuwa bakin iyaka, kuma a da sai a daɗe ba a ambace shi ba. Yanzu kuwa kowa ya buɗe baki, a fassarar Malama, zancen yarima yake yi. Sarki yana cin abinci, "Ya ce abincin nan ba ya masa daɗi tunda ɗansa ba ya nan." Sarauniya tana taje kai, "Ta ce laifin ƙuruciya ba ya kai a rufe wa ɗa ƙofa har tsufa." Har mai ba dawaki ciyawa sai da ya sa baki. Ran da wani mai gadi ya yi hamma Malama ta soma cewa "Ya ce yarima..." ni kaina sai da na ɗago na dube ta.

Ga kuma wasu abubuwa a gefe da suka ƙara wa wutar mai. Ta matsar da doguwar kujera kusa da talabijin, ta ce fanka ce take dukan wuyanta. Ta daina zuwa kasuwa, sai ta ba maƙwabciya saƙo. Wata rana ta zuba wa Yaya gishiri a shayi maimakon sukari. Mutumin da ya yi wata da watanni yana kallon ana kashe sarakuna da kofi, ka ba shi shayi mai baƙon ɗanɗano? Ya kurɓa, ya tsaya da shi a baki, ya dube ta, ya fita ya tofar. Kashegari na kama shi yana musanya kofinsa da nata lokacin da ta juya baya. Na ce, "Yaya, ka ji tsoron Allah." Ya ce kofin nasa ne yake da tsaga.

Ni ma ba zan ce raina bai sosu da ita ba. Na haɗu da ita a bakin layi da rana tsaka, muka yi kusan gogar kafaɗa, ta wuce ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Sai da na ce "Matarmu!" ta yi firgigit ta hau dariya, wai tunani ne ya yi mata yawa. Na dawo gida ina ta saƙe-saƙe: daga ina take, me take ɓoyewa da har za ta shafa wa idonta toka ta wuce ni? Zama da Yaya ba ya barin mutum lafiya, zargi yana da naso kamar baƙin yadi a ruwan wanki.

Wata safiya ina kan keken ɗinki sai ga shi ya yi sallama, abin da ba ya yi sai da dalili. Ya ƙi zama. Ya tsaya yana jujjuya tarin makullansa a yatsa.

"Auta, nawa ne rabonki a ciki?"

"A cikin me?"

"Ke da ita da yaron nan. Kun haɗa baki ku riƙa yi mini wa'azi ta bakin sarki."

Na cire ƙafa daga keke na ce, "Yaya, in ina da magana da kai a fuskarka nake faɗa, kuma na faɗa har na gaji. Ba na buƙatar wani mai dogon gashi ya ara mini baki."

Ya san gaskiya ne. Sai ya zauna a kan buhun ƙyallaye, ya rage murya. "To ita kaɗai ce ke nan. Abin da ke rubuce daban, abin da take faɗa mini daban. Magana da baki kamar makulli da kwaɗo ne, Auta, in ba nasa ba ne ko ya shiga ba ya juyawa. Na daɗe ina jin ba ya juyawa."

"In ma haka ne, uwa ce. Ɗanta take nema wa hanya."

"Ta faɗa mini da bakinta mana. Ta dube ni ta ce ga abin da aka rubuta, alhali ba shi ba ne?" Ya dubi hannunsa. "In ta iya wannan, maganin da take karanta mini fa? Saƙon waya fa? Tun yaushe?"

Nan ne na ga inda abin ya dosa. Na san Yaya, na san abin da ya yi wa ɗan cikinsa a kan makulli ɗaya. In ya tabbatar Malama ta yi masa ƙarya, ba zai kore ta ba, ba zai ɗaga murya ba. Zai cire ta daga bakinsa ne kawai, su zauna a gida ɗaya tana "matar nan" har ɗayansu ya mutu. Na ce masa ya bar zancen, fim ne, wasa ne. Ya ce shi bai san wasa da ƙarya ba.

Ya riga ya shirya abin da zai yi. Ya je wurin mai tura fina-finai ya sa an zuba masa kashi na gaba ba tare da rubutun ƙasa ba. Da an kunna, in ji shi, za ta ce, "Ina rubutun?" Shi kuma zai ce, "Me za ki yi da shi? Ai da ma daga kanki kike karantowa." Ya maimaita mini jimlar har sau biyu, yana gyara mata zama, ka san ya kwana yana goge ta. Ya ce in zo da la'asar in zama shaida. Na ce ba zan zo ba. Da la'asar ta yi na kwashi ɗinkina na tafi, don in abin ya ɓaci gara ina wurin.

Na same su kamar kullum. An ja labule, filas yana tsakiya, Malama ta sa tabaraunta ta gyara zama. Yaya ya soka filash, ya danna rimot, ya koma kujerarsa ya harɗe hannu. Aka yi kiɗan farko. Fada ta bayyana, tsohon sarki a kan gado, fadawa sun yi layi. Ƙasan allon fes, babu ko ɗigo.

Gemun Akuya ya fito gaba ya yi magana. Yaya bai ce "Me ya ce?" ba, jira yake yi a tambaye shi. Na ga leɓensa yana motsi, jimlarsa tana bakin ƙofa.

Malama ta ja hanci ta ce, "Ya ce ranka ya daɗe, talakawa suna kuka da tsadar hatsi."

Yaya ya dube ni. Sarki ya amsa, ta kumbura wuya ta fassara. Sarauniya ta sa baki, ta sirantar da murya ta fassara. Fuskar Yaya ta haɗe, na ga jijiya ta tashi a gefen goshinsa. A ganinsa raini ne ya kai raini: ta ga babu rubutu, ta san ya gane, kuma ta ci gaba don ta nuna masa bai isa ba. Ni ma abin da na ɗauka ke nan, har na ji haushinta ya kama ni. Wane irin ƙarfin hali ne wannan?

Sai wani bafade ya yi magana da sauri-sauri. Malama ta sunkuyo gaba, ta miƙa yatsa tana nuna ƙasan allon, daidai inda babu komai sai jan kafet ɗin fada.

"Kai, masu rubutun nan," ta ce. "Yau sun ƙanƙanta shi da yawa, ga gudu. Ban kama ƙarshen ba, Maigida, amma dai zancen haraji ne."

Allura ta tsaya a hannuna. Na dubi yatsan, na dubi allon, na dubi fuskarta. Ba ƙasan allon take kallo ba ma, kanta a ɗan karkace yake, kunnenta ne ke fuskantar talabijin. A take komai ya dawo mini: kujerar da ta matsar, kasuwar da ta daina zuwa, gishirin, ranar da ta wuce ni a layi, da yadda kwanan nan kullum sai ta miƙo mini allura ta ce in zura mata zare wai hannunta da maiƙo. Kunya da tausayi suka rufe ni lokaci ɗaya.

Yaya ya saki hannuwansa. Ya ɗauki kofin shayi, ya miƙa mata shi a hankali, ba ta gefe ba, ta gabanta sosai, bai ce uffan ba. Kofin yana tsaye a iska tana ta fassara. Ba ta karɓa ba. Ya mayar da shi kan tebur ba tare da ya bari ya yi ƙara ba, ya danna rimot fim ya tsaya.

"Bari in duba ƙofa," ya ce, ya fita.

Muka ji yana jan kwaɗon waje, ya saki, ya sake ja. Daga nan shiru. Malama ta cire tabarau ta riƙe a cinya.

"Auta," ta ce a hankali, "me ya faru? Numfashinku ya canza."

Na rasa ƙaryar da zan yi. Na ce, "Babu rubutu yau, matarmu. Tun farkon kashin babu."

Ta juya tabaraun a hannunta. Sannan ta ce, "Lalacewa ya yi?"

"Shi ya sa aka cire."

Ta gyaɗa kai. Na matso na kama hannunta na ce tun yaushe. Ta ce tun kafin waziri ya auri ƙanwarsa, ta yi 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba. Da farko rubutun ne ya riƙa narkewa, ta ce, sai fuskoki suka bi. Yanzu launi take gani da motsi, sauran da kunne take kamawa. Maganin Yaya kuwa ta haddace shi tun ido yana ido, kwalaben da hannu take gane su.

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa masa ya koma hannun wa? Mutumin da ko likita bai yarda da shi ba sai na duba? Na ce bari in ja kwana, ko zai washe." Ta shafa zaren da ke wuyanta. "Zancen yaron kuwa wallahi ban shirya ba. In na buɗe baki babu abin karantawa, abin da ke raina ne yake fitowa."

Na ce ai yanzu ya gane, ya ga lalura ce. Ta girgiza kai.

"Kin san yayanki. Ba ya tambayar dalili. Kullum sai ya ce me ya ce, ni kuma in dube shi in faɗi abin da ban gani ba. Ɗan cikinsa ma sau ɗaya ya yi masa ƙarya." Ta ciro zaren daga wuyanta, makullin rumfa yana reto, ta dunƙule shi a tafin hannu. "Gara in miƙa masa da kaina kafin ya tambaya."

Na so in ce mata ba zai yi ba, amma ban da tabbas, kuma ranar na ƙoshi da faɗin abin da ba a gani ba. Muka zauna muna jira. A allo tsohon sarki ya daskare da baki a buɗe.

Yaya ya dawo. Idonsa ya yi ja, ya ce ƙura ce ta faɗa masa, ba wanda ya tambaye shi. Ya zauna. Malama ta miƙo hannu wajen da take jin motsinsa, ta buɗe tafin, makullin yana kwance a ciki. Ya dube shi. Bai karɓa ba, bai kuma ce ta mayar ba. Ya ɗauki rimot ya danna.

Sarki ya ƙarasa maganarsa, guntuwa ce, bai fi kalma biyu ba. Ba wanda ya tambaya, ba wanda ya fassara. Gemun Akuya ya amsa, shi ma ya wuce a banza. Ban taɓa jin falon nan ya yi shiru haka ana kallo ba, sai yaren mutane yana ta zuba babu mai tara. Malama ta sunkuyar da kai, hannunta yana nan a miƙe.

Sarki ya sake yin magana, kalma ɗaya tak, ya ɗaga hannu. Sai Yaya ya yi gyaran murya. Ya kumbura wuya, irin yadda take yi, sai dai shi abin bai karɓe shi ba ko kaɗan.

"Ya ce," in ji Yaya, idonsa a kan allo, "sarauniya ta mayar da makullinta wuya, nata ne. Ya ce gobe da sassafe za a kai ta a duba mata ido. Ya ce shi ba ya yarda da direbobin tasha, duk ɓarayi ne." Ya sake gyaran murya. "Ya ce a kira masa ɗansa ya zo da mota."

Ɗansa ya ce, ba yaron nan ba. Na sunkuya kan ɗinkina ina neman ramin maɓalli, ban gan shi ba.

Malama ta rufe tafin hannunta a kan makullin. Ta mayar da tabarau, ta karkata kai wajen talabijin kamar mai duba wani abu, hawaye yana bin gefen hancinta.

"Maigida," ta ce, "duk wannan a kalma ɗaya?"

"Yarensu ne haka," in ji Yaya. "Yana da dunƙulewa."